Matakin da Na Tsallake Damina Biyu

Zuwa ga ɗiyata Hannatu, wadda nake kira Uwata tun ranar da aka raɗa mata sunan mahaifiyata.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Allah ya kai ki Tasawa lafiya, ya tsare motar da za ki shiga da mai tuƙa ta, ya ba ki ɗaki mai inuwa da maƙwabta masu mutunci. Innarki ta ce za ta cusa takardar nan a ƙasan jakarki, kusa da ƙullin daddawa, don haka idan kin buɗe kin ji tana tashi, ki san ba daga wajena ba ne.

Ba zan ɓoye miki ba, tun ranar da takardar ɗaukarki aiki ta iso, bakina ya ƙi rufuwa. Ni Ishaya, da ban wuce aji uku a lakol, makarantar boko, ba, yau ɗiyata ce ma'aikaciyar gwamnati mai kula da gonaki da burtali. Ina alfahari da ke, kuma ban ga abin kunya a faɗa ba. Innarki kuwa ta fi ni. Ranar kasuwar Kanan-Bakashe ta tafi sayen gishiri, ta dawo babu gishiri, amma babu rumfar da ba a ji labarinki ba. Baffanki Idi, wanda ya yi shekara huɗu ba ya amsa gaisuwata lokacin da na karɓi bangaskiya, shi ya fara yanka zakara, ya kuma sa aka yi miki addu'a a ƙofar masallaci.

To, amma ba don in yi ta kumbura kai na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Kin san yadda muke yi a majami'armu kowace Lahadi kafin a tashi, abin da tsofaffi suka sa wa suna addu'ar tsani. Dattijo ya miƙe ya yi wa masu mulki addu'a daga ƙasa zuwa sama: mai gari, sarki, magajin gari, ma'aikatan da gwamnati ta turo mana, sannan babban da ke kansu, sai gwamna, sai shugaban ƙasa. Mataki bakwai, kowane mataki jama'a su ce amin. Shekara talatin da wani abu ni ke miƙewa. Mu ba mu da yawa, na san muryar kowa, na san amin ɗin da ke fitowa daga zuciya da wanda ake yi don a tashi a je a sha fura. Lahadi uku a jere ina saurare a ɓangaren mata, na ji na innarki, ban ji naki ba.

Da na tambaye ki a hanyar gida, kika ce, “Baba, mi sunka yi mana? Shekara biyu ina zaune da takardata a akwati. Hanyarmu ta lalace, likita ba magani. In ce amin a kan mi?”

Ban ba ki amsa ba. Kin ɗauka ba ni da ita ne. Ina da ita, kunya ce ta riƙe mini baki, don abin da kike yi a ɓoye, ni na yi shi a gaban kowa. Bari in ba ki labarin kurakuraina, tunda takarda ba ta da idon da za ta kalle ni.

Na farko tun kafin in auri innarki ne. An gina mana rijiyar siminti, aka ce komanda, babban jami'in gwamnati na yankinmu a lokacin, zai zo da kansa ya ɗebi gugar farko. Mai gari ya ce liman zai buɗe taro da addu'a, Kirista su ba da mutum ɗaya ya rufe. Aka zaɓe ni saboda ina da murya. Liman ya yi tasa gajeriya, mai nauyi, ya zauna. Ni kuwa da na ga komanda a kujera, ga jandarma biyu a bayansa, sai na rufe ido ɗaya na bar ɗaya a buɗe. Na ce Allah ya ƙara wa uban talakawa girma, bangon marayu, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Ban san mutumin ba, ranar na fara ganinsa. Na yi ta zuba har raƙumin da aka ɗaure gefe ya gaji ya kwanta. Komanda ya ba ni hannu, na yi kwana biyu ina jin kamar kada in wanke shi.

Kin tuna Iya Tabita, tsohuwar nan makauniya da ke zama a bakin ƙofar majami'a, wadda ta rasu kina aji biyu. Washegari ta aika a kira ni.

“Ishaya,” in ji ta, “jiya da wa kake magana? Da Allah, ko da mai kujera?”

Na ce da Allah mana.

“To, madalla. Ni dai na ji maroƙin gari ya aje gangarsa yana koyon aiki wurinka.”

Na fi wata ina jin haushinta, amma ta yi gaskiya. Don haka abu na farko, Uwata: yi wa shugaba addu'a ba fadanci ba ne. Ba a yin ta don ya ji. Ba cewa ake yi ya yi daidai ba, roƙo ake yi Allah ya sa ya yi daidai. In kina tsoron amin ɗinki zai zama tafi ga wanda bai gyara hanya ba, kwantar da hankalinki. Wanda ya kasa shi ya fi bukatar a kai shi gaban Allah. Kuma a biro, wato ofishinku, za ki gamu da masu irin addu'ata ta bakin rijiya, za su yi miki ita a fuska. Ki yi murmushi, kada ki ajiye ta a zuciya.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma ba ki san shi duka ba. Abin da aka gaya miki kawai shi ne gawon gonarmu ya faɗa cikin burtali.

Kina 'yar shekara huɗu gwamnati ta turo wani ma'aikaci ya fitar da hanyar dabbobi, saboda manoma sun yi ta cin ta kaɗan-kaɗan har shanu ba su da wurin bi. Siriri ne, yana yawo a tsohon babur da igiyar awo a bayansa, sai gari ya sa masa Mai-igiya. Ya tara mu da Fulani da Buzaye da mai gari, aka yi ta kai da kawowa, sannan ya ja igiyarsa. Ta bi ta gefen gonar da na gada, ta yanke taki goma sha biyu daga wannan kai zuwa wancan, har da babban gawon da mahaifina ya bari, wurin da gero ya fi yi a duk gonar. Aka kafa turakun siminti masu fenti ja da fari. Na ce masa, “Ranka shi daɗe, nan ubana ya noma.” Ya ce, “Kafin ubanka ya noma, shanu sun bi.” Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ranar Lahadi na miƙe na fara tsani. Mai gari, amin. Sarki, amin. Magajin gari, amin. Da na zo mataki na huɗu, na ma'aikatan da aka turo mana, sai na ga fuskar Mai-igiya. Na tsallake zuwa na biyar.

Na ɗauka babu wanda zai kula. Na manta Iya Tabita da yatsu take ƙirga amin. Ina gamawa, wuri ya yi tsit, sai muryarta ta fito daga bakin ƙofa, ita kaɗai: “Amin.” Mutane suka waiwaya. Da aka tashi ta kama bakin rigata.

“Ka ya da guda a hanya, na tsinto maka.”

Na ce, “Iya, Allah ya san inda yake, ba sai na hwaɗa mishi ba.”

“Sauran shidan hwa? Ɓata sunka yi ga Allah da kake nuna mishi su?”

Ban saurare ta ba. Damina biyu cur ina tsallake matakin nan, damina biyu tana biya mini bayan na zauna. Har abin ya zama kamar tsarin sujada, yara suna jiran amin ɗin Iya kafin su tashi. Fasto ya yi mini magana sau biyu, na ce in an gaji da ni a ba wani. Babu wanda ya karɓa, don duk suna jin nauyina. Kuma ban tsaya nan ba. A gida, in mun durƙusa da safe, sai in ce Allah ya shiga tsakaninmu da masu ja wa talaka igiya, ya nuna musu iyakarsu. Innarki ta ce mini wata rana, “Malam, wannan ba addu'a ba ce, zagi ne ka sa mishi riga.” Na ce ta tashi ta duba tukunya.

Ki lura da wannan, Uwata, don shi ne abin da nake ji miki tsoro. Ranar da na daina yi wa mutumin nan addu'a, ban rage shi da komai ba. Ni na fara lalacewa. Da farko na daina ambatonsa, daga nan na daina ganinsa mutum, daga nan duk abin da na yi niyyar yi wa aikinsa sai ya zama mini daidai.

A damina ta biyu, gero ya yi kai ana shirin yanka, wata ranar kasuwa gari ya watse kowa ya tafi Kanan-Bakashe. Da rana tsaka na ɗauki dagi, na ɗaura wa jaki amalanke, na tafi gona. Na haƙe turaku uku, na mayar da su baya, na dawo da gawon cikin gonata. Na share sawu da reshe. Na dawo gida ina jin kaina namiji.

Kwana biyar bayan haka Bello ya gangaro da shanunsa. Kin san Bello, Bafulatanin da ke sauka a gonarmu bayan kaka, wanda matarsa ke kawo miki nono a ƙwarya. Ya bi turaku kamar yadda doka ta ce. Amma hanyar ta matse a daidai wurin da na taɓa, garke kuwa ba ya tafiya a layi, sai shanun suka fantsama ɗaya gefen, cikin waken baffanki Idi. Kafin a ce me, matasa sun fito da sanduna. Aka karya wa Bello hannu, aka sare ƙafar saniya. Da yamma ta yi, Fulanin da ke bayansa sun taru a bakin daji, namu sun taru a bakin gari, kowa da abin da ya riƙe. Ina tsaye cikin namu, ina jin ana cewa Fulani ne suka matsar da turaku don su sami dalilin shiga gona. Na bar su a kan haka.

Washegari da hantsi Mai-igiya ya iso, shi kaɗai, babu jandarma. Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gawon nan, tsakanin ɓangarorin biyu, ya zauna. Tun hantsi har la'asar yana sauraron wannan, yana lallashin wancan, ana yi masa ihu daga hagu da dama. Bai ci komai ba. Da aka ɗan lafa mai gari ya ce in kai masa ruwa, tunda gidana ya fi kusa. Na miƙa masa moɗa. Na kalle shi da kyau, abin da ban yi ba cikin shekara biyu. Ya rame, furfura ta fito masa, leɓensa ya bushe.

Ya sha, ya ajiye, ya ce, “Malam Ishaya, an ce mini ku Kirista kowace Lahadi kuna yi wa ma'aikatan gwamnati addu'a. Gaskiya ne?”

Na ce, “Haka ake yi, ranka shi daɗe.”

“An ce ma kai ke yin ta.” Ya yi ɗan murmushi. “To, na gode. Wallahi akwai safiyar da nake hawa babur ɗin nan ban san ko zan koma wurin 'ya'yana ba. Sai in tuna ana yi mana a masallaci ranar Juma'a, ana yi mana wurinku ranar Lahadi, in ce to, ba ni kaɗai ba ne. Ka yi wa mutanenku godiya.”

Uwata, an zage ni a duniya, an kore ni daga gidan ubana saboda bangaskiya, amma babu abin da ya taɓa yi mini zafi kamar godiyar nan. Mutum yana jingine da addu'ar da na hana shi. Abin da ya riƙe shi duk wannan lokaci, in akwai, amin ɗin makauniya ne a bakin ƙofa.

Na ajiye moɗar, na juya wajen jama'a, na ce ni na tsige turakun. Baffanki Idi ya kalle ni kallon da har yau ban manta ba. Bello, da hannunsa a ɗaure da kara, ya ce, “Kai, Ishaya?” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma gida na ɗauro amalanke, na haƙe turakun a gaban kowa, na mayar da su ramukansu na gaskiya, Mai-igiya yana riƙe da igiya. An yi mini hukuncin da ya dace, na ɗauka. Na yi jinyar Bello a zaurena har ya warke. Rikicin ya mutu a nan, babu wanda ya rasa ransa, kuma wannan ba da dabarata ba ne.

Lahadin da ta biyo na hau tsani, na taka mataki na huɗu. Jama'a suka ce amin. Da na gama aka yi shiru, yara suna jiran na Iya Tabita. Sai ta ce, “Ku tashi mana, yau ba a ya da komi ba.”

Abu ɗaya ne ban gyara ba. Ban taɓa gaya wa Mai-igiya cewa na tsallake shi ba. Na yi ta cewa sai ya sake zuwa, sai aka sauya masa wurin aiki, ban kuma san inda yake ba. Har yau in na zo matakin nan da shi nake farawa a zuciyata.

Kada ki ɗauka na zama mai cewa komai hukuma ta yi daidai ne. Har gobe ina ganin igiyar nan ta ɗan karkata wajena fiye da kima, kuma na je na faɗa a inda ake faɗa, da bakina, da rana, aka saurare ni aka ce a'a. Hanyarmu da ta lalace, ni na jagoranci dattawa muka kai kuka sau uku. Addu'a ba ta ɗinke bakin mutum. Amma na lura, in na yi wa mutum addu'a da safe, ina iya gaya masa gaskiya da rana ba tare da na so ya mutu ba.

Na ga masu mulki da yawa, masu kaki da masu babbar riga. Wasu na so su, wasu ban so su ba, duka na yi musu, ban da damina biyun nan. Maganar Allah ta umarce mu da haka, kuma ba ta ce sai waɗanda suka gyara mana hanya ba. A da ina ganin umarni ne kawai, yanzu na ga dalilinsa da idona. Ni in na yi kuskure, gona ɗaya ce ta lalace. Shi mai riƙe da igiya ko alƙalami in ya yi, gari ne, wani lokaci ƙasa ce. Yana yanke hukunci da gajiya, da tsoro, da mutane goma suna raɗa masa abu goma a kunne. In Allah bai ba shi hikima ba, mu za mu sha wuya, mu da baffanki da Bello, don rijiya ɗaya muke sha. Kuma mu da muke 'yan kaɗan a garin nan, muna kaɗa ƙarfenmu na kiran sujada ranar Lahadi mu yi waƙa babu mai hana mu, wannan zaman lafiya ba daga sama yake faɗowa haka kawai ba, ta hannun mutane Allah ke ba da shi. Ubangijinmu ma ya yi wa waɗanda suka yanke masa hukunci addu'a, balle ni da aka yanke wa taki goma sha biyu.

Fushinki ba na banza ba ne, shekara biyun nan na ga yadda kika rame. Ban ce ki jefar da shi ba. Ki kai shi gaban Allah tare da sunayen waɗanda suka jawo shi. Kada dai ki bar shi ya rufe miki baki, don na san inda wannan hanya take kaiwa, na bi ta da amalanke.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa ba ki amsa a hanyar gida. Daga ranar Litinin ke ce mai igiya. Za ki ja ta a gonar wani tsoho wajen Kona ko wani ƙauyen da ban taɓa ji ba, zai ce miki nan ubansa ya noma, kuma gaskiya zai faɗa. Za ki yi iyakar adalcinki, duk da haka wani zai koma gida yana jin kin zalunce shi. Wata rana za ki zauna tsakanin mutane biyu masu sanduna. Ina roƙonki ki ja igiyar daidai, ko gonar fasto ce, ko ta mai kuɗi, ko tawa. Ki saurari tsohon har ya gama, ko da ba za ki ba shi abin da yake so ba. Ki ci abinci kafin ki fita.

Ranar Lahadi mai zuwa zan miƙe kamar kullum. Mai gari, sarki, magajin gari. Sai mataki na huɗu, wanda na tsallake damina biyu, kuma yanzu ɗiyata ce a tsaye a kansa. Ban san ko muryata za ta kai ba. Innarki ta ce in ta ƙi, ita za ta ɗaga tata har a ji a garin Atantane. Amin ɗin da kika riƙe Lahadi uku, Uwata, ashe har da naki rabon a ciki. A duk majami'ar da kika samu kanki a Tasawa, in an zo kan masu mulki, ki sake shi, tun daga ƙasa har sama, kada ki ya da ko guda.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsare ki a kan babur da cikin biro, ya raba ki da sharrin mai ba da toshiya da na mai yabo. Ya ba ki hikima, ya ba waɗanda ke sama da ke, ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya. Ya kuma sa a can inda za ki a sami wata tsohuwa mai ƙirga da yatsu, wadda za ta tsinto ki ranar da wani ya ya da ke.

Innarki tana gaishe ki, baffanki Idi yana gaishe ki, Bello ma ya ce a gaya wa 'yar nono ta bar wa shanu hanya mai faɗi.

Ni ne mahaifinki mai alfahari da ke,
Ishaya.